Abin da Ankwa Ba Ta Ɗaurewa

Shekara talatin da biyu na yi cikin kaki.
Na ajiye bel, na ajiye hula,
amma hancina bai yi ritaya ba:
har yau in na bi ta Runjin Sambo da la'asar
nakan ji warin wiwi tun ban ga mai shanta ba,
ƙafata ta zabura, in ce mata zauna.

Labbo nake fara tunawa.
Mai faci ne a bakin titi.
Ƙulli biyu na samu cikin safarsa,
ko kuɗin tuwon dare ba su kai ba.
Na rubuta rahoto da kyakkyawan hannu,
oga ya ce, aikinka ya yi, Arzika.
Wata goma sha takwas ya yi a gidan yari.
Ya shiga ya iya liƙe taya,
ya fito ya iya buɗe kwaɗon da ba nasa ba.
Ni na kai shi makarantar nan,
ni na sake kama shi da ya sauke karatu.

Mun sha tara kaya a fili,
katan-katan na tiramol, kwalaben kodin,
a zuba fetur, a kira 'yan jarida,
hayaƙi ya tashi har daga Kwannawa ana hango shi,
mu yi tafi.
Kafin sati ya zagayo farashi ya ninka,
mai kayan, wanda ban taɓa riƙe wuyan hannunsa ba,
ya ɗora wa gidansa bene.
Ashe dillalansa ne mu,
mu ke sa wa hajarsa daraja.

A hanyar Illela, da tsakar dare,
na tsayar da mota, aka miƙo mini waya.
Mai maganar ko murya bai ɗaga ba.
Na janye shinge da hannuna.
Da safe na kwaso yara huɗu a wani kango a Mabera
don lissafin wata ya cika.

Sai kuma Kulu.
Ɗanta ya sha ya wuce kima, yana kakari a ɗaki,
ga asibiti nan, tafiyar ƙafa,
ta rufe ƙofa, ta jiƙa tsumma tana shafa masa a goshi,
don ta ji an ce likita zai kira mu.
Ta fi tsoron kakina da tsoron mutuwa.
Na je gaisuwa cikin farar riga,
ta ce Allah ya ba da lada.
Ba ta san ko ni wane ne ba.

Kada ku juya mini magana.
Ban ce halal ne ba, ban ce abin kirki ne ba.
Malam ya yi wa'azi, uba ya yi faɗa,
wannan gonarsu ce, su nome ta.
Ni abin da na sani ankwa ce,
na riƙe ta har ta yi mini kanta.
Tana ɗaure hannu,
ba ta ɗaure ƙishirwar da ke cikin ƙirji.

Ku ƙwace kasuwar daga masu cin ta cikin duhu.
A fito da ita rana, a auna, a rubuta,
a san mai sayarwa, a hana shi yaro,
mai ciwo ya je wurin likita da ƙafarsa
ba tare da waiwaye ba.
Mu kuma a bar mana man motarmu:
daren da aka bugo waya daga wani ƙauye gabas da Wurno
cewa masu bindiga sun shigo,
tankinmu ya riga ya ƙafe a farautar mashaya.
Da hantsi muka isa. Mun taya haƙa.

Gulbin Rima bai taɓa tsayawa
don an gitta masa kara ba.

Jiya na ga Labbo a tasha, furfura ta fito masa.
Ya ce, ranka ya daɗe, Sufeto.
Na rasa inda zan sa idona,
sai na ba shi hannu.
Ya dubi hannun tukuna
kafin ya miƙo nasa.